Fuskar Aro

Ƙwarya biyar na saya, duk masu tsaga,
wurin Iya Tasalla a bakin Ƙofar Guga.
Ta ce, "Malam, waɗannan ba sa riƙe fura."
Na ce ba fura zan zuba ba, yara zan zuba.
Ta dube ni sama da ƙasa, ta rage mini hamsin.

Daren Laraba na baje su a tsakar gida.
Na sa ƙusa a garwashi har ta yi ja,
na huda idanu bibbiyu. Ƙaurin ƙwarya
ya sa maƙwabci leƙowa ta katanga.
Na jiƙa takardar siminti, na dama sitaci da kauri,
na gina hanci, na ɗora gira.
Kunnen zomo daga tsohon silifa,
haƙoran kura ƙwallon dabino
da na tara tun azumi.
Gawayi, farar ƙasa, da ɗan shunin matata
wanda har yau take cigiya.

Wasan ba dogo ba ne:
kura ta zo rijiya, akuya ta hana ta guga,
zomo ya raba gardama.
Darasin haƙuri na nufa, da rabon ruwa.
Haka na rubuta a littafin shiri,
hedimasta ya sa hannu da jan biro.

Aji huɗu, yara saba'in da ɗaya.
Mannir ya ce shi ne zomo ko a fasa.
Iro ya ɗauki jaki, aji ya ce an dace.
Can a bencin baya akwai Barira,
wadda aka kawo mana bayan sallar layya
daga wani ƙauye gaba da Batsari.
Wata uku ana kiran suna, tana ɗaga yatsa.
Na miƙa mata tunkiya,
don tunkiya kuka ɗaya ne aikinta.
Ta ture hannuna.
Ta nuna kura.

Na ɗaure mata zaren a ƙeya.

Ba ta nufi rijiyar da na zana da alli ba.
Waje ta fita, ta ja ƙyaure,
sannan ta bankaɗo shi da ƙafa.
"Ku fito! Ina shanun?
Wa ke da waya? Kai tsoho, kwanta!"
Muryar ta fi ƙarfin ƙirjinta.
Ba ni na rubuta wannan ba.

Dariya ta taso, ta kai rabi, ta koma.
Zomo ya sulale ƙarƙashin benci.
Ta bi layi tana dafa kawuna,
"Kai, da kai, da ke, ku shige gaba."
Waɗanda ta dafa suka miƙe,
ba wanda ya ce su miƙe.
Da ta kai bencin baya
ta tsaya kan gurbin da ba kowa,
inda jakarta ta leda take ajiye.
Ta daɗe.
Sannan kura ta ce,
"Wannan a bar ta. Ta yi ƙanƙanta."

Ita ta kwance zaren da kanta.
Zufa ta kwaso gawayi ta zubo mata a kumatu.
Da wata murya siririya,
wadda ranar muka fara ji,
ta ce, "Malam, hudar idon ta yi kaɗan.
Ba a ganin mutum sosai."
Na ce gobe zan faɗaɗa.
Ta juya ƙwaryar a hannu, ta shafa haƙoran.
"Bar shi," ta ce. "Ina jin su ma haka suke gani."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ba a raba ruwan ba.

Yanzu kura tana rataye bayan allo,
haƙori ɗaya ya faɗi, ban mayar ba.
Barira tana amsa suna da baki,
jiya ma har ta yi faɗa kan fensir.
A littafin shiri akwai gurbi a ƙasa
inda malami ke rubuta abin da yara suka koya.
Hedimasta ya zagaye shi sau biyu da jan biro.
Har yau ban cike ba.